Waiwaye: Hasken da Ke Cikin Ɗigon Jini, da Mataimakin da Ake Mantawa

Duk wanda ya saba zama a rumfunan Kasuwar Jalingo ya san wata magana da ta zama ruwan dare a 'yan shekarun nan. Ko a layin masu doyar Zing ne, ko wajen masu busasshen kifin Ibi, ko cikin 'yan tireda, sai ka ji an tambayi wani da aka kwana biyu ba a gani ba, a ce, "Ai yana gida, an ce hanta ce." Wani kuma ya je asibiti zai ba matar ɗan'uwansa jini, a auna, a dawo a ce masa jininsa ba zai yiwu ba. A nan ne mutane da yawa ke fara jin sunan ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar cutar, kuma Taraba tana cikin jihohin da abin ya fi ƙamari. Shi ya sa ba a yi mamaki ba da ɗan wannan jiha, Danjuma Adda, wanda ya daɗe yana wannan fafutika daga Jalingo, ya kai ga shugabantar ƙungiyar World Hepatitis Alliance ta duniya.

Wannan ciwo ba ya sallama kafin ya shigo. Mutum zai yi shekaru yana cin kasuwarsa lafiya lau, ƙwayar tana cin hantarsa a hankali, ba shawara, ba zazzaɓi. Jini kaɗai ke faɗin gaskiya. Tsinken gwaji da ake ɗiga wa jini, layi ya fito ko ya ƙi, ya yi mana amfani ƙwarai. Amma idan likita yana son tabbaci, ko yana son sanin yawan abu a jini, kamar sinadarin maƙoƙo, ko na mafitsarar maza, ko alamar bugun zuciya, sai a kai jinin babban ɗakin gwaje-gwaje. Da yawa daga cikin na'urorin da ke can da haske suke karanta jini, hasken da lantarki ke tayarwa daga cikin sinadari, wanda masana ke kira ECL a taƙaice. Waiwayenmu na yau a kan yadda aka samo wannan haske ne, domin akwai darasi a ciki da ya shafe mu kai tsaye.

Matsalar da masana suka daɗe suna fama da ita ita ce: ta yaya za a gane abin da ya yi ƙanƙanta ƙwarai a cikin jini mai cike da dubban abubuwa? Baruch Blumberg ya gano furotin ɗin da ke jikin ɓawon ƙwayar ciwon hanta a 1965, shi ne wanda ake rubutawa HBsAg a takardar gwaji, kuma ya sami kyautar Nobel a 1976. Jiki yana ƙera ƙwayoyin garkuwa da ke cafke irin wannan furotin shi kaɗai, da wuya su yi kuskure da wani. Saura a rataya wa ƙwayar garkuwar wata alama da za ta sanar cewa ta yi kamu. Rosalyn Yalow da Solomon Berson a birnin New York sun fara da alama mai fitar da tururin nukiliya, wajen 1960, suka auna insulin a jini. Ta yi aiki, sai dai tana da haɗari, ba ta daɗewa a ajiye, sharar ta kuma matsala ce. A 1971 Eva Engvall da Peter Perlmann a Sitokholm suka kawo alamar da ke sauya launin ruwa, wato gwajin ELISA da har yau ake yi a ɗakunan gwajinmu.

A gefe guda kuma wasu na bin wata hanya da ba wanda ya zaci za ta kai asibiti. Tun 1929 Newton Harvey ya lura cewa sinadarin luminol yana haske idan aka bi da lantarki ta cikin ruwansa. A 1964 David Hercules, da kuma Visco da Chandross, suka nazarci irin wannan haske da kyau. Sai a 1972, lokacin Jalingo tana ƙarƙashin Jihar Arewa maso Gabas da ake mulka daga Maiduguri, Nurhan Tokel da Allen Bard na Jami'ar Texas da ke Austin suka nuna cewa wani sinadari da aka gina a kan ƙarfen rutiniyom yana fitar da haske mai launin ruwan goro, a tsawon zango na kusan nanomita 620. Rutiniyom ƙarfe ne mai wuyar samu, ɗan gidan filatinam, wanda Karl Claus ya gano a garin Kazan na Rasha a 1844, mafi yawansa kuma a yau daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi.

Ga yadda suke tayar da hasken a lokacin. Ana tsoma farantin lantarki cikin ruwan sinadarin. Farantin ya ƙwace ilaktiron, wato ƙwayar lantarki, daga wasu ƙwayoyin rutiniyom. Nan take a juya wutar, ya ƙara wa wasu ilaktiron fiye da nasu. Da mai giɓi da mai rara suka haɗu, ilaktiron ya tsallaka, amma sai ya sauka a matakin da ya fi ƙarfin inda zai zauna. Da ya gangaro mazauninsa, rarar ƙarfin ta fita a matsayin haske.

Abin ya burge masana, amma ruwa ya zame musu ƙarfen ƙafa. Kafin wutar ta kai ƙarfin da za ta ƙara wa rutiniyom ilaktiron, ruwan da kansa ya fara tarwatsewa yana fitar da iskar haidurojin. Dole sai a cikin wani ruwan sinadari na musamman, wanda aka tsane shi daga danshi, aka kore masa iskar oksijin. Jinin mutum kuwa yawancinsa ruwa ne. Haske ya samu, amma ba shi da hanyar zuwa wurin mara lafiya.

Mafita ta zo daga inda ido bai kai ba. Maimakon a nemi wani sinadari da ya fi haske, sai aka nemo masa mataimaki, wani sinadari na biyu da shi kansa ba ya haske ko kaɗan. A 1977, Jihar Gongola na da shekara ɗaya da kafuwa, Chang da Saji da Bard suka gwada okzalet. Wannan ba baƙon abu ba ne: yana cikin ganyen alayyafo da ake kasawa a kasuwa, shi ne kuma ke haɗuwa da alli ya zama mafi yawan tsakuwar ƙoda. Idan farantin ya ƙwace masa ilaktiron ɗaya, sai ya karye gida biyu. Rabi ya tashi a matsayin iskar da muke fitarwa idan mun yi numfashi, ɗaya rabin ya zama gutsure mai tsananin son ba da ilaktiron. A nan hikimar take: abin da aka ƙwace wa ilaktiron shi ne ya rikiɗe ya zama mai bayarwa. Gutsuren ya miƙa wa rutiniyom mai giɓi abin da ya rasa, haske ya tashi. Ba a ƙara bukatar juya wuta ba, saboda haka ruwa bai tarwatse ba. A 1981 Rubinstein da Bard suka tabbatar da hakan a cikin ruwa. A 1982 Henry White da Bard suka nuna cewa sinadarin fasalfet yana yin irin wannan aiki ta ɗaya ɓangaren: a ƙara masa ilaktiron, ya karye, gutsurensa ya zama mai ƙwacewa.

Okzalet ya buɗe ƙofa, sai dai ya fi aiki a ruwa mai ɗan tsami, ƙwayoyin garkuwa kuwa sun fi son ruwa irin na jini, ba tsami ba kanwa. A 1987 Noffsinger da Danielson suka nuna cewa dangin sinadaran amin ma suna sa rutiniyom haske. A 1990, shekara ɗaya kafin a ƙirƙiro Jihar Taraba ranar 27 ga Agusta 1991, Jonathan Leland da Michael Powell na kamfanin IGEN a Amurka suka wallafa aikinsu a kan tiraifurofilamin, wanda ake taƙaitawa TPA. Shi ne ya dace: yana aiki a irin ruwan jini, bai damu da iskar da ke cikin ruwan ba, haskensa kuma mai yawa ne. Daga 1972 zuwa 1990 shekara 18 ke nan. Sinadarin mai haske bai sauya ba a duk tsawon lokacin. Mataimaki ake nema.

Akwai wani abu a cikin wannan haɗi da ya kamata mai karatu ya riƙe. Bayan rutiniyom ya fitar da haskensa, yana komawa yadda yake da farko, ya sake shiga layi, ya sake haske, sau da yawa a gwaji guda. TPA kuwa idan ya karye ya karye ke nan, ba ya dawowa. Kamar fitilar aci-balbal ce a teburin mai tsire: gwangwanin yana nan kullum dare, man ne ke ƙarewa, kuma ranar da ba a zuba mai ba, kyan gwangwani ba ya hana duhu.

A 1996 kamfanin Boehringer Mannheim na Jamus, wanda Roche ya saye daga baya, ya fito da na'urar Elecsys a kan wannan fasaha. Ana haɗa jinin da ƙwayoyin garkuwa iri biyu. Ɗaya tana ɗauke da rutiniyom, ɗaya tana ɗauke da biyotin, wato bitamin B7. Idan furotin ɗin cutar yana nan, su biyun su kama shi a tsakiya. Sai a zuba wasu ƙananan duwatsu masu ƙarfe a ciki, faɗin kowanne maikiron 2.8, wanda kaurin gashin kai ya ninka shi fiye da sau 20. An shafe su da wani furotin da ke riƙe biyotin gam. Mayen ƙarfe ya janyo duwatsun ya manna su a kan farantin filatinam, a wanke sauran tarkacen jini da ruwa mai ɗauke da TPA, a kunna wuta, na'ura ta ƙidaya hasken. Yawan haske, yawan abin da ake nema. Galibin gwaje-gwajen minti 18 suke ɗauka. Da yake ba a haska jinin da wata fitila daga waje, cikin duhu ake farawa, ɗan hasken da ya fito komai ƙanƙantarsa ana ganinsa. Sirrin kaifin gwajin ke nan.

Na'urorin sun yi shekaru suna aiki a asibitoci kafin a fahimci dalilin da ya sa suke aiki haka. Mafi yawan rutiniyom ɗin yana manne a jikin duwatsun, bai taɓa farantin ba. To wa ke kai masa saƙon lantarki? A 2002 Wujian Miao da Jai-Pil Choi da Bard suka ba da amsa. Gutsattsarin TPA ne ke tashi daga farantin su yi tafiya zuwa inda rutiniyom yake. Ɗaya daga cikinsu rabin rayuwarsa kusan kashi 1 cikin 5,000 na daƙiƙa ne, amma wannan ɗan lokaci ya ishe shi ya keta 'yan maikiron ɗin da ke tsakani. Ashe mataimakin shi ne ɗan aike, shi ne mai bayarwa, shi ne kuma wanda ke ƙarewa.

TPA yana da aibunsa. Guba ne, yana da wari, yana bin iska da sauri, kuma sai an zuba shi da yawa. Saboda haka neman wanda ya fi shi bai tsaya ba. A 2007 masana a ƙarƙashin Xu Guobao a birnin Changchun na ƙasar Sin suka gabatar da DBAE, wanda gubarsa ba ta kai ta TPA ba, kuma kaɗan daga cikinsa ke ba da haske mai yawa a kan farantin zinariya ko filatinam. A 2011 masana a Jami'ar La Trobe ta Ostareliya suka yi gwajin a kan 'yar takarda, suka karanta hasken da kyamarar wayar hannu. Allen Bard ya rasu a watan Fabrairu 2024, ya bar ɗalibai da jikokin ɗalibai a faɗin duniya suna ci gaba da wannan nema.

Yanzu mu dawo gida. Mun iya bikin na'ura. Idan aka sayo sabuwa, za a kafa rumfa, a yanka kyalle, a ɗauki hoto, a sa a rediyo. Ba a taɓa yi wa kwalbar ruwan gwaji biki ba. Amma na'urar da ta ci miliyoyin naira ba za ta fitar da sakamako ko ɗaya ba idan kwalbar TPA, wadda a na'urorin Roche ake kira ProCell, ta ƙare. Haka kwalin ƙwayoyin garkuwa, wanda dole ya zauna a firiji tsakanin digiri 2 zuwa 8, a garin da zafin Maris da Afrilu kan kusanci digiri 40. Haka ruwan saita na'ura, da ruwan da ake gwada ta da shi kowace safiya don a tabbatar ba ta fara ƙarya ba. Haka tsabtataccen ruwa, da wutar da ba ta yankewa a tsakiyar gwaji, da man janareta. Duk waɗannan abubuwa ne masu ƙarewa. Kusan duk sinadaran daga waje ake shigo da su da kuɗin waje, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yuni 2023 farashinsu ya yi tashin gwauron zabo.

Mara lafiya ba ya ganin wannan lissafi. Abin da yake ji a taga shi ne, "Babu riyajen, a dawo mako mai zuwa," ko kuma, "Sai an tura jinin wani gari." Ɗan kasuwar da ya rufe rumfarsa ya yi asarar cinikin yini, ya biya kuɗin Keke Napep zuwa da dawowa, da wuya ya sake komawa karo na uku. Sai ya bi mai lasifika da ke tallar maganin wanke hanta a bakin kasuwa. Ba wauta ce ta kai shi ba, ƙofar da ya fara bugawa ce ba ta buɗe ba. Hantar da ke fama da ƙwayar cuta kuma ba ta bukatar a ƙara mata jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba.

Akwai kuma abin da ke hannunmu mu masu ba da jinin. Ƙwayoyin gyaran gashi da fata da farce da suka cika shagunan kwalliya da kemis, da yawansu biyotin ne mai yawan gaske. Tunda gwajin da biyotin yake kama duwatsunsa, wanda ke yawo a jinin mai shan ƙwayar yana iya riga shi zama a gurbin, sakamako ya fito ba daidai ba. A watan Nuwamba 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka, bayan rahoton rasuwar wani mara lafiya da gwajin zuciyarsa ya nuna ƙasa da gaskiya. Kamfanoni sun gyara wasu gwaje-gwajen tun daga lokacin, amma abin da ya fi shi ne 'yar'uwa ko ɗan'uwa ya gaya wa likita duk abin da yake sha kafin a ɗebi jini, ko da yana ganin ƙwayar kwalliya ce kawai.

A cikin ɗakin gwajin ma akwai mataimaki na mutum. Kowa ya san sunan likitansa, amma ƙalilan ne suka san wanda ya karɓi jinin, ya rubuta lamba a jikin kwalba, ya duba ranar lalacewar sinadari, ya ƙi sa hannu a sakamakon da bai gamsu da shi ba. A kan aikinsa likita ke gina hukunci. Dokar 2003 ta kafa majalisar da ke yi wa masu wannan sana'a da ɗakunan gwajinsu rajista a Najeriya, kuma haƙƙin kowa ne ya tambaya ko wurin da zai kai jininsa yana da wannan rajista. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa, waɗanda suka iya haɗa kuɗin gadi da na shara, za su iya gayyato irin waɗannan ƙwararru su yi wa mambobinsu gwaji, musamman ranar 28 ga Yuli da duniya ta keɓe wa ciwon hanta, tare da sanin inda za a tura wanda aka samu da ƙwayar don tabbatarwa. Wanda ba shi da ita ya yi allurar rigakafi. Jariri kuma a yi masa ta farko cikin awa 24 da haihuwa, allurar tana cikin jerin rigakafin yara na ƙasa tun 2004.

Ga ɗalibanmu na kimiyyar sinadarai a Jami'ar Jihar Taraba, wadda aka kafa a 2008, da Jami'ar Tarayya ta Wukari, ta 2011, wannan tarihi yana da albishir. Binciken mataimakan sinadarai ba ya bukatar na'urar biliyoyi. Farantin lantarki, da na'urar daidaita wuta, da abin auna haske sun isa a fara. Bugu da ƙari, magunguna da yawa dangin amin ne, ciki har da tiramadol da kodin, kuma masana sun nuna cewa su da kansu suna iya tsayawa a matsayin mataimaki ga rutiniyom. Wato ƙarfin hasken zai faɗi yawan maganin da ke cikin ƙwaya ko kwalba. A yankin da jabun magani da shaye-shaye suka dame mu, wannan aiki ne da ɗan Taraba zai yi ya amfani Taraba.

Darasin dai a fili yake. Masanan da suka kai wannan haske asibiti sun yi nasara ne ranar da suka daina kallon abin da ke ƙyalli suka mai da hankali ga abin da ke ƙarewa. Mu ma sai mun yi haka. Duk gwamnati, ko ɗan majalisa, ko mai hali da zai ba asibiti na'ura, a tambaye shi cikin ladabi tun kafin a sauke ta daga mota: wa zai sayi sinadarinta shekara biyar masu zuwa, ina firijinta, ina wutarta, wa aka horar ya riƙe ta, kuma nawa ne albashinsa? Idan amsar ba ta cikin kasafin kuɗi a rubuce, gara a sayi ƙaramar na'urar da za a iya ciyarwa kullum da babbar da za ta yi wata shida ta tsaya. Lafiyar jama'a ana auna ta ne da yawan sakamakon gaskiya da ya isa hannun marasa lafiya a kan lokaci, kuma kuɗin da ke samar da wannan sakamako shi ne wanda ake warewa duk shekara don abubuwan da ke ƙarewa.